Wahalar Almajiri Ba Albarkar Karatu Ba Ce

Duk lokacin da aka tayar da zancen yaran da ke kwana a bakin shaguna da tashoshin mota a Kano ko Zariya ko Maiduguri, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Ai karatu sai da wuya, mu ma haka muka yi." Wannan magana ta daɗe tana toshe mana baki, alhali ba haka suka yi ba.

Almajirin zamanin da yana da bukkar kwana, yana noma a gonar malam, yana da uwar ɗaki da ta san sunansa, kuma takan cigita idan kwana biyu ba ta ga ƙoƙonsa ba. Na yau fa? Ɗan shekara bakwai ne da aka sauke a birni ba tabarma, ba mayafi. Da damina sauro ya ci shi, zazzaɓi ya kwantar da shi babu mai kai shi asibiti. Da hunturu shi da sauran yara su cunkushe a soro guda, ƙazwa da makero da tari su bi su ɗaya bayan ɗaya. Wankansa a kududdufi, shi ya sa tsargiya ba ta rabuwa da shi. Da dare kuma babu ƙofar da za ta raba shi da mai lalata yara ko mai sayar da sholisho. Wace aya ce ta fi zama a kan yaron da ya kwana da yunwa yana susa?

Gwamnati ma ta kasa. Makarantar da Shugaba Jonathan ya buɗe a Gagi ta Sakkwato a 2012 da ire-irenta ba su rage barar titi ba. A 2020 gwamnonin Arewa suka loda yaran a motoci aka mayar da su jihohinsu saboda korona, wasu ma ɗauke da cutar, kafin a jima tituna suka sake cika. A 2023 aka kafa hukumar almajirai ta ƙasa, yaran suna nan inda suke.

Amma ba gwamna ne ya haifi yaron ba. Uban da ya miƙa ɗansa bai tambayi makwancinsa ba, da malamin da ya karɓi yara ɗari a gidan da ba ya ɗaukar goma, su ne farkon waɗanda za a tambaya. Malam, idan ba ka da ɗakin kwana da banɗaki, kada ka karɓi ɗan kowa.