Mary Putnam Jacobi: Likitar da ta Rusa Da'awa da Awo

A shekarar 1873 wani likita a Amurka, Edward Clarke, ya wallafa littafi yana da'awar cewa zurfafa karatu yana illata lafiyar 'ya mace, musamman idan ba ta huta ba a lokacin haila. Masu ilmi da dama suka gaskata shi, alhali hujjarsa ba ta wuce labarin 'yan marasa lafiya ƙalilan ba.

Dakta Mary Putnam Jacobi, wadda ta sami digirin likitanci a Faris a 1871, ba ta tsaya cacar baki ba. Ta tattara amsoshin mata 268, kana ta auna bugun jini da ƙarfin tsokar waɗansu mata a tsawon wata. Awon ya nuna cewa lafiyayyar mace ba ta buƙatar ajiye karatu saboda haila. Jami'ar Harvard, inda Clarke ya taɓa koyarwa, ita ce ta ba ta lambar yabo a 1876.

Wannan bincike ya fi jerin muƙamanta cancantar shiga aji, duk da cewa ita ta kafa ƙungiyar bunƙasa ilmin likitanci ga mata a 1872. Kafin rasuwarta a 1906 ma, sai da ta rubuta alamomin ƙarin da ya fito mata a ƙwaƙwalwa dalla-dalla, domin amfanin likitoci.