Kambas Ɗin 'Yan Kallon Ƙwallo

Duk wanda ya lura da ƙafafun samari da 'yan mata a biranen Turai tun daga 2022, zai ga wani irin kambas ya cika gari: shafaffe ne, ba shi da tudu, ƙasansa roba ce ruwan ƙasa, ga zane uku a kowane gefe. Sunansa Samba. Mai karatu zai zaci sabon aiki ne na gwanayen zane, alhali kuwa ya girmi iyayen yawancin masu sa shi. Kamfanin Adidas na Jamus ya fara yinsa wajen 1950, domin 'yan wasa su samu takawa a filin da ƙanƙara ta daskarar.

To, yaya takalmin aiki ya zama na ado? Amsar tana birnin Libaful na Ingila. A 1977 kulob ɗin garin ya ci Kofin Turai a Rum, ya maimaita a 1978, ya kuma ɗauka a Paris a 1981. Dubban samari 'ya'yan leburori suka riƙa bin kulob ɗin ta jirgin ruwa da na ƙasa, suka ga kantunan Jamus da Italiya da Faransa cike da kayan da ba a sayarwa a gida. Suka dawo da rigunan Lacoste da Fila, da takalman Adidas iri-iri. Wasu sun biya kuɗi; wasu kuwa, a faɗi gaskiya, mai kanti sai dai ya ga wayam.

Abin da ya ba sha'anin armashi shi ne gasa. Darajar takalmi a wurinsu ba ta tsadarsa ba ce kawai, a'a, ta ƙarancinsa ce. Saurayin da ya shiga filin wasa ranar Asabar da launin da ba wanda ya taɓa gani, ya ci tasa galabar tun kafin alƙali ya busa usur. Ana kuma cewa shigar ta taimaka wa 'yan tarzoma, domin idon 'yan sanda yana kan masu aske kai ƙwal da manyan takalma, ba ya kan yaro tsaf-tsaf mai kama da ɗan wasan tanis. Daga Libaful abin ya bazu Mancesta da Landan, har zuwa Aberdeen. A 1982 wani matashi, Robert Wade Smith, ya buɗe kanti a Libaful da takalman da ya je Jamus ya saro, musamman Trimm Trab, aka yi rububinsu.

Watau dai ba kamfani ya koya wa 'yan kallo ado ba. Su suka zaɓa, kamfani ya biyo sahu, kuma ya daɗe bai waiga ba.

Ranar amfanin tsohuwar zuma ta zo a Oktoba 2022, sa'ad da Adidas ya raba gari da mawaƙin Amurka Kanye West, ya rasa cinikin Yeezy mai kawo masa riba mai tsoka. Sabon shugaba, Bjørn Gulden, wanda shi ma tsohon ɗan ƙwallo ne, ya kama aiki a Janairun 2023, ya ƙara yawan Samba da Gazelle da Spezial a kasuwa. Sauran kamfanoni suka shiga tonon nasu rumbunan, Puma ya fito da Palermo.

Sai dai akwai ɗaci a ciki. Sunan da ake tallar waɗannan takalma da shi, na matakalan simintin nan ne da talakawa kan tsaya kallo. Bayan bala'in Hillsborough na 1989, wanda ya ci rayukan magoya bayan Libaful 97, aka umarci manyan kulob-kulob su sa kujeru. Ya zuwa 1994 an rushe matakalan, kuɗin shiga kuma ya yi ta hawa. An kau da wurin, ana cinikin sunansa.

A Afrilun 2024 Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya bayyana a wata hira sanye da farin Samba. Jaridu suka yi caa, suna cewa ya kashe wa takalmin kasuwa. Bayan 'yan kwanaki ya shiga gidan rediyo, cikin raha ya nemi gafarar masoya Samba, ya ce shi ma ya shekara da shekaru yana sawa.