A Buɗe Mana Ɗakin Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan aji shida, maganarmu ta wannan makon a kan ɗakin kwamfuta ce, ɗakin da kwaɗonsa ya fi kowane kwaɗo a makarantar nan samun hutu.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir. Duk mai son ya wuce gaba dole ya zauna gaban kwamfuta, ya amsa tambayoyi 180 a cikin awa 2: guda 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. 'Yan lissafinmu su duba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Agogo yana nan a fuskar kwamfutar yana ta raguwa, kuma ba shi da kunnen jin roƙo irin na malamin da ke tsaron jarrabawa a aji. WAEC ma ta bi sahu, a farkon 2024 ta yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawa ta kwamfuta.

Mu kuwa har yanzu da alli muke koyon kwamfuta. An zana mana linzaminta a allo, mun kwafa a littafi, mun haddace sunayen sassanta, mun ci maki. Amma a cikinmu akwai waɗanda hannunsu bai taɓa riƙe linzamin ba. Irin wannan ɗalibi zai iya sanin amsar Kimiyyar Sinadarai sarai, ya ɓata minti goma na farko yana laluben inda zai danna, gabansa na faɗuwa. Minti goma tambayoyi 15 ne. Ba karatu ne ya kayar da shi ba, kuma in ya koma gida ba wanda zai yarda da hakan.

Wasu za su ce ai kowa na da waya yanzu. Na farko dai, ba kowa ba. Na biyu, shafa fuskar waya da babban yatsa daban, zama gaban madannai daban. Wasu kuma za su ce JAMB ta sauƙaƙa abin, 'yan haruffa kawai ake buƙata, kamar su: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na fasawa. Gaskiya ne, kuma muna roƙon kowa ya kwafe su yanzu kafin ya bar gaban allon nan. Sai dai sanin haruffan a ka bai isa ba, sai hannu ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda wannan rufewa take cuta. Ɗan mai hali yana da kwamfuta a gida, ko a biya masa kuɗin koyo a shago cikin gari. Namijin da ba shi da hali ma yakan raɓi abokinsa ya ɗan taɓa. Ita kuwa ɗalibar da ba a barinta fita bayan la'asar, da ɗalibin da daga makaranta sai gona ko shagon mahaifinsa, ba su da wata kwamfuta a duniya sai wadda aka kulle a ɗakin nan.

Mun san hukumar makaranta tana da dalilanta, kuma ba mu raina su ba. Wuta ba ta zama, man janareto ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, sannan ana tsoron a ɓata kayan ko a sace. To amma ƙurar hunturu da ɓera ma suna ɓata kwamfuta, kuma su ba sa cin jarrabawa. Ba kullum muke nema ba. Awa biyu bayan an tashi, sau biyu a mako, a jera mu rukuni-rukuni, 'yan aji shida su fara. A sa malami ɗaya da shugabannin ɗalibai su tsaya a kai, duk wanda ya shiga ya rubuta sunansa da lambar kwamfutar da ya zauna a kai. Batun wuta kuma a kai shi gaban taron iyaye da malamai, a duba ko za a iya haɗa ƙaramar sola. Masallatan unguwanninmu da yawa da karo-karo suka haɗa tasu.

Iyayenmu sun fi mu sanin yadda zamani yake juyawa ba sallama. A farkon 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, waɗanda suka yi saurin koyon tuƙin A Daidaita Sahu suka ci gaba da cefane. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mai shayin da yake da asusun banki ya yi ciniki, wanda ba shi da shi ya yi ta kallon masu wucewa. Ko manomi a yau yana neman iri mai saurin nuna saboda damina ba ta da tabbas. In an yi musu bayanin jarrabawar nan da wannan harshe, ba ma jin za su ƙi taimakawa.

Mu ma akwai namu. In Allah ya sa an buɗe, kada a tarar da mu muna wasan kati ko neman Facebook, a samu hujjar mayar da kwaɗo. Wanda ya iya ya zauna kusa da wanda bai iya ba, ban da dariya. Kuma duk ɗan aji shidan da bai yi lambar NIN ba ya hanzarta, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita.

Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk mai goyon baya ya sa sunansa da ajinsa kafin ranar Alhamis, ranar Juma'a wakilanmu za su kai ta ofishin shugaban makaranta.