Nahawun Turanci Da Malaman Gobe

A cikin watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa a wurin wani taro a Abuja cewa Gwamnati ta soke tsarin nan na koyar da yara da harshensu na gida, wanda aka amince da shi a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu. Daga nan gaba, in ji Ministan, da Turanci za a riƙa karantarwa tun daga ajin share fage har jami'a. An yi ta muhawara, masu yabo na yi, masu suka na yi, har wasu suna tuna wa jama'a gwajin da marigayi Shehun Malami Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, inda yaran da aka karantar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Amma akwai mutum guda da muhawarar ta tsallake, alhali kuwa a kansa kayan zai sauka, watau malamin Turanci, da irin horon da ake ba shi kafin a miƙa masa alli.

Abuja ce ta fi cancanta a yi wannan magana a cikinta, domin hukumomin da abin ya shafa duk a nan suke zaune. Ga Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa a Maitama, ga Hukumar Kwalejojin Ilmi, ga Majalisar Rajistar Malamai wadda dokar 1993 ta kafa, ga kuma Hukumar Bincike da Tsara Manhaja a Sheda, kan hanyar Lokoja. A gefensu akwai Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara karatu a Gwagwalada a 1990, da Kwalejin Ilmi ta Zuba.

Ɗalibin da ya shiga jami'a don ya fito malamin Turanci yakan yi shekara huɗu, kuma ba a rage masa nahawu. A yawancin jami'o'in ƙasar nan ana sanar da shi mazhabar Noam Chomsky, mutumin Amurka wanda littafinsa na 1957 ya canja nazarin ginin jimla, da mazhabar Michael Halliday na Ingila. Ana koya masa ya feɗe jimla, ya ware yankin suna da yankin aiki, ya zana bishiyar li'irabi mai rassa har ta cika allo. Wannan ilmi ne mai daraja, ba mai raina shi sai wanda bai ɗanɗana ba. Sai dai ranar da ɗalibin ya je gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta Kwali ko Abaji, ya tattara littattafan aikin yara ya buɗe, bishiyar nan ba ta gaya masa dalilin da ya sa yara goma suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya.

Dalilin kuwa yana cikin harshen da yaran suka zo da shi daga gida. A Hausa, lokaci ba a jikin aikatau yake ba, yana jikin ɗan lamirin da ke gabansa: ya tafi, zai tafi, yakan tafi, kalmar "tafi" tana nan yadda take. Turanci ya bi wata hanya dabam, aikatau ɗin kansa ke canja kama, "go" ta koma "went". Saboda haka yaron da ya rubuta "he go yesterday" ba daƙiƙi ba ne, ƙa'idar Hausa ya bi sau da ƙafa, ya ɗauka tun da ya ce jiya ai magana ta ƙare. Haka nan Bahaushe yana jam'inta shawara ya ce shawarwari, labari ya ce labarai, to me zai hana shi ya liƙa wa "advice" da "information" harafin jam'i? Kalmar aro guda ce a Hausa, na ari littafi, ya ara mini littafi, amma Bature ya raba ta biyu, shi ya sa "borrow me" ta zama ruwan dare. Bahaushe yana jin magana, yana jin ƙamshi, yana jin sanyi, duk da "ji" guda, Bature kuwa kowanne da kalmarsa.

Wanda ya fi jawo wa yara bulala shi ne amsa tambayar da ke da korewa. In aka ce wa yaro, "Ba ka yi aikin gida ba?" ya ce "I", nufinsa gaskiya ne, bai yi ba. In ya ɗauki wannan ya kai Turanci ya ce "yes", sai a fahimci ya yi. Malamin da bai san wannan bambanci ba sai ya ɗauka ƙarya yaron ya shara masa, ko kuwa raini ne. Malamin da ya sani, cikin minti biyar zai warware wa aji duka.

Abin mamaki shi ne, kayan aikin wannan gyara sun daɗe a ajiye. Tun 1976 Shehun Malami M. K. M. Galadanci ya wallafa littafinsa na nahawun Hausa. A 1982 Munzali Jibril ya kammala digirinsa na dokta a Lancaster a kan yadda 'yan Nijeriya ke furta Turanci. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 1991 kuma David Jowitt ya fitar da littafinsa a kan Turancin Nijeriya. Sai dai sau da yawa ɗalibin Turanci yakan gama jami'a bai taɓa leƙa darasin nahawun harshensa ba, har wani yana ganin yin haka ragin daraja ne. Ya san sunan kowane yanki na jimlar Bature, amma in aka tambaye shi bambancin "ya zo" da "da ya zo" sai ya yi ta susar ƙeya.

Mai karatu zai iya cewa ai ajin Abuja ba na Hausawa kaɗai ba ne. Gaskiya ne. A aji guda na Gwagwalada ko Bwari za a sami Gwari da Gade da Bassa da Filani da Tibi da Ibo da Yarabawa, ba kuwa malamin da zai iya harsunan nan duka. Amma abin da ake nema ga malami shi ne ya saba da tambayar kansa daga ina kuskure ya taso. Wanda ya taɓa ɗora harshe guda a kan Turanci ya ga inda suka rabu, zai iya zaunar da yaron Bagware ya tambaye shi yadda ake faɗin abu a gidansu, ya gano bakin zaren. Bugu da ƙari, cakuɗar nan ita ce arzikin ajin jami'a a Abuja, domin ɗaliban da kansu daga harsuna barkatai suka fito, kowa zai iya kawo nasa a baje a faifai.

Tsohon tsari ya bar wa yaro shekarun farko ya fahimci darasi da harshensa kafin Turanci ya karɓe shi. Yanzu da aka ɗebe wannan tsani, nauyin ya koma kan malamin da zai tarbi yaro ranar farko. Sabuwar manhajar da Hukumar Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta gwargwadon bukatar yankinta. A cikin wannan kaso akwai wurin darasi guda na kwatanta ginin jimlar Turanci da na harsunan gida, wanda malaman Turanci da na harsunan Nijeriya za su koyar tare, a kuma sa kowane ɗalibi ya dawo daga gwajin koyarwa da kurakuran yara hamsin a rubuce, da bayanin asalin kowannensu. Majalisar malaman jami'a tana da ikon zartar da wannan, ba sai ta jira takarda daga Ma'aikatar Ilmi ba.