Gyaran Tsofaffin Majami'u: A Fara Daga Rufi

Wanda ya bar Minna ya nufi Zungeru zai ga abin da damina kan yi wa ginin da ya rasa rufi. Garin ya zama hedikwatar Arewa a 1902, amma yau gidan gwamnan kufai ne. Gadar Lugga ce ta tsira, ita ma don an ciccibe ta zuwa Kaduna a 1954.

Irin wannan makoma muke jiye wa tsofaffin majami'un Arewa, na dutse a garuruwan layin dogo, da na ƙasa kamar cocin St. Bartholomew na Wusasa, garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi, wanda magina Hausawa suka ɗora da tubali a 1929. Irin waɗannan gine-gine daga sama suke fara mutuwa. Kwano ya huje ko indararo ya toshe, ruwa ya jiƙa katako, gara ta samu ƙofa, danshi ya gangara cikin bango.

Abin takaicin shi ne gyaran ganin ido ya fi sakaci ɓarna. Bangon da aka ɗaure duwatsunsa da laka ko farar ƙasa yakan fitar da danshi da kansa. Ɗan kwangila ya zo ya shafe shi da siminti, ya yi fenti, a yanka kyalle a tafa. Ruwan kuwa ya maƙale a ciki yana cin ginin a ɓoye. Faransawa ba su yi wannan ganganci ba bayan gobarar Notre-Dame ta 2019: da itacen da aka san rufin da shi suka mayar, kafintoci na sassaƙa da gatari, har aka sake buɗe cocin a Disamban 2024.

Batun ya wuce ado. A Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka.

Gaskiya ne majami'u mallakar mabiyansu ne, kuma kuɗin gyara nasu ne. Sai dai dokar 1979 ta ɗora wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kula da gine-ginen tarihi. Ma'aikatan da ke tsara kasafinta su ware abin da zai kai injiniya ya duba kowane tsohon rufi kafin ruwan farko, a kuma rubuta sunayen tsofaffin magina da masu sassaƙa dutse, a haɗa su da almajiran da za su gaje su.