Ciwon sukari: a sha magani, a kuma yi awo

Kowace shekara, ran 14 ga watan Nuwamba, duniya na tunawa da ciwon sukari. Ita ce ranar haihuwar Frederick Banting, likitan Kanada wanda shi da abokan aikinsa suka gano insulin a birnin Toronto cikin shekarar 1921. Magani ya samu tun tuni, amma har yanzu shan sa bisa ƙa'ida shi ne wuya.

Abin da ke faruwa cikin garuruwanmu ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya je likita, an auna jininsa da safe kafin ya karya kumallo, an sami giram 1,26 ko fiye cikin lita, har sau biyu, an rubuta masa metformin. Ya sha wata guda, ƙishirwa da yawan fitsari sun lafa, sai ya ce ya warke, ya aje kwali, ya koma ga shayi mai tarin sukari. Alhali ciwon yana nan, yana ɓata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye, har ranar da sukar ƙaya za ta zama gyambo.

Awo ne ke faɗin gaskiya. Ga yawancin manya, likitoci na son giram 0,80 zuwa 1,30 kafin abinci, ƙasa da 1,80 awa biyu bayansa. Gwajin HbA1c, mai nuna halin jini na kusan wata uku, ana son ya kasa 7 bisa ɗari. Tsoho mai wasu cututtuka akan sassauta masa, domin faɗuwar sukari ƙasa da 0,70 ma haɗari ce: rawar jiki, zufa, har suma. Ta fi samun mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin in ya tsallake abinci. Wajibi ne ya riƙa yawo da ƙwayar sukari cikin aljihu, ya kuma shawarci likita kafin azumi.

Nauyin bai tsaya ga marar lafiya ba. Manomin da ke nesa da Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba zai yi awo ba in likitar ƙauyensu ba ta da na'ura. Insulin kuwa zafi na lalata shi. Inda babu firji, a koya wa jama'a aje shi cikin tukunyar ƙasa mai sanyi. Ya kamata hukumomin lafiya su tabbatar magani bai yanke ba, don in ya yanke mutane sai su nufi masu talla cikin kasuwa, su sayi ƙwayoyin da suka yini cikin rana.