Ƙyallen Anko da Bashin Godiya

Nan da 'yan kwanaki wayoyinmu za su cika da saƙonnin barka da sabuwar shekara, irin waɗanda mutum ɗaya ke tura wa mutum ɗari biyu a lokaci guda. Ban ce laifi ba ne. Amma ni dai a ganina, wanda ya ɗauke maka wani nauyi a cikin shekara ya fi ƙarfin saƙon da ko sunansa babu a ciki. Godiya ta gaske sai ta ci wa mai yin ta wani abu, ko lokacinsa ko ƙarfinsa. Shi ya sa yau nake so mu ɗan yi hira a kan wani aikin hannu da na koya a zamana na nan Ibadan, wato ɗinkin bargon ƙyallaye, wanda Turawa ke kira kwilt.

Ga wanda bai taɓa gani ba, bargo ne mai hawa uku. Na sama ƙyallaye ne da aka yanka daidai wa daida aka harhaɗa. Na tsakiya auduga ce ko wani tsohon bargo marar nauyi. Na ƙasa kuma yadi ne guda. Sai a bi su da zare da allura, ɗinkin ya ratsa duka ukun don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya. Wannan ɗinki na ƙarshe shi ne mai cin rai, shi ya sa tun da can matan karkarar Amurka ba su cika yin sa su kaɗai ba. Sukan ɗaure bargon a jikin katako, su kewaye shi, kowacce ta kama ɓangarenta, ana ɗinki ana hira. In a wajenmu ne, gayya za mu ce.

A wajajen shekarun 1840 aka yi yayin wani irin bargo a Amurka da suke kira bargon ƙawance. Kowace mace za ta ɗinka ƙyalle ɗaya, ta rubuta sunanta a kai da tawada ko da zare, sannan a haɗa a ba wadda za ta yi aure ko wadda za ta yi ƙaura. A lokacin kuwa iyalai na ta kwarara yammacin ƙasar a keken shanu, tafiyar watanni, kuma da yawansu sun san ba za su sake ganin gida ba. To mai karatu, wace ce a cikinmu masu zaman kudu ba ta san wannan rabuwar ba? Mun taho da gara da kayan ɗaki, amma ba mu taho da wani abu mai ɗauke da sunayen waɗanda suka yi mana rakiya tasha ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, wanda kogi ya kewaye ta ɓangare uku. Mutanensa jikokin bayi ne da suka yi noman auduga a wurin, har yau da yawansu na amsa sunan Pettway, sunan ubangijin gonar. Gidajen katako suke kwana a ciki, ga sanyi ga talauci, don haka matan suka riƙa yayyanka tsofaffin wandunan aiki da buhuna suna yi wa iyali abin rufa. A 1962, lokacin da baƙar fata ke fafutukar samun 'yancin zaɓe, aka tsayar da jirgin fiton da ke kai su Camden inda ake rajista, bai dawo ba sai 2006. Duk tsawon wannan lokaci matan ba su ajiye allura ba. A 2002 aka baje kolin bargunansu a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su na Whitney a New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki guda 10 da hotunansu. Amma ba sunan da suka yi ne ya dame ni ba. A cikin bargunan akwai wanda Missouri Pettway ta ɗinka a 1942 bayan rasuwar mijinta. Kayan da yake zuwa gona da su ta yanka ta haɗa, don ta riƙa rufa da su tana tuna shi. Ba ta da kuɗin sayen sabon yadi, amma ta san abin da ake yi da abin da mutum ya bari.

Haka kuma a wannan shekarar ta 1942, matan da sojojin Japan suka tsare a kurkukun Changi da ke Singafo sun ɗinka barguna uku, kowanne da ƙyalle 66, da sunan kyauta ga sojojin da suka ji rauni. Kowacce ta sa sunanta a nata ƙyallen. Ta haka mazan da ke tsare a wani sansanin suka gane wace ce ke raye.

To mu fa? Mu da Allah ya hore wa anko? A ƙasar Yarbawa, inda suke ce masa aso ebi, da wuya wata ya wuce ba a fitar da shi ba: biki, suna, jana'iza, saukar karatu. Ka sayi yadi shida a kasuwar Gbagi, tela ya yanka, dole a sami ragowa. Galibin wannan ragowar a kwata take ƙarewa ko a cinna mata wuta. Ni kuwa na roƙi telana ya riƙa ƙulle min nawa a leda. Da na zazzage ledar a watan jiya, sai ga shekarata kaf a kan tabarma. Ga shuɗiyar atamfar bikin 'yar maƙwabciyata Bayarabiya, wadda ta riƙe min yara kwana huɗu lokacin da na tafi gida gaisuwar rasuwa. Ga mai ruwan goro ta sunan jaririn wata 'yar Ibo mai shago a layinmu, wadda ba ta taɓa tambayata yaushe zan biya bashi ba. Ga adire da wata ta yi min tsaraba daga kasuwar Itoku ta Abeokuta. Ba wanda ya kai tafin hannu biyu a cikinsu. Haka zumuncin baƙunta yake. Ba dangi ne za su zo su ɗauke maka komai ba, ɗan wannan ne da ɗan wancan, sai ranar da ka jera su kake ganin ashe sun isa su rufe ka.

Mu biyar muke haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar. Bana mun gama biyu: shimfiɗar jariri, da wani babba da muka ba ɗayarmu da aka yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, kowacce da sunanta a kusurwa. Na uku yana nan rabi, sai baɗi in da rai.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, wa ke neman bargo a zafin kudu, alhali ga na gwanjo nan da araha? Gaskiya ne, in don ɗumi ne kawai, gwanjo ya fi sauƙi. Sai dai na gwanjo bai san ka ba. Kuma ba dole sai mai kauri ba, marar nauyi ya isa sanyin asubar hunturu da daren damina.

Na biyu ya fi nauyi. Da yawanmu, Hausawa da Yarbawa da Ibo, an tashe mu da gargaɗin kada mu bari ƙyallen kayanmu ya shiga hannun wani, don gudun asiri. Ba zan yi wa kowa dariya a kan wannan ba. Abin da muke yi shi ne mu karɓi ragowar da ba a taɓa sawa a jiki ba, wadda ma mutum hamsin ke da irinta. Amma a lura da kyau: macen da ta miƙo maki ƙyallenta, har ta yarda a ɗinka sunanta a kai, ta gaya maki ta amince da ke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, lokacin da rikici tsakanin Hausawa da Yarbawa ya ci rayuka da shaguna da gidaje. Bargo ba ya hana rikici, ban ce yana hanawa ba. Amma ranar da gari ya rikice, ƙofar da za a buɗe maka ita ce ta wanda kuka saba zama a tabarma ɗaya.

Ga mai sha'awar gwadawa, a fara da ƙarami. A zaɓi atamfa zalla, kada a gauraya da leshi don ba sa ja daidai. A wanke ƙyallayen tukuna, saboda wasu na zuba wasu na tsukewa, sannan a goge. A yanki kwali mai inci 6 ta kowane gefe a riƙa aunawa da shi. Ƙyalle 36, shida a jere sau shida, zai ba da shimfiɗar jariri ta kusan yadi ɗaya. Haɗa saman a keken ɗinki ba ya wuce yini biyu. Ɗinkin hannun ne za a kira ƙawaye, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda kuma bai iya riƙe allura ba, maza musamman, bai tsira ba. Ya zauna ya lissafa mutum biyar da suka tsaya masa a bana, ya taka ya je har ƙofar gidansu, ya faɗa wa kowanne takamaiman abin da ya yi masa. Zumunci dai a ƙafa yake, kuma yaba kyauta tukwici.

Ni nawa tukwicin ke nan ga matan layinmu, da telan da bai taɓa gajiya da ƙulle min tsumma ba. Allah ya bar zumunci, ya sa mu ga baɗi lafiya.